Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Jami'o'in Ngaundere, Marwa Da Garwa: A Ba Ɗalibai Ɗaki Da Yammacin Laraba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, iyayenmu shugabannin jami'o'i, tare da daraktocin da aka ɗora wa kula da jin daɗin ɗalibai.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni malama ce a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa, arewacin Kamaru. Kowace shekara yaran da suka fita daga hannunmu da takardar bak, wato shaidar gama sakandare, suna shiga naku. Wasu su hau motar Ngaundere, wasu ta Marwa, tun 2022 kuma da aka kafa jami'ar Garwa wasu ba sa ko barin gari. Idan an yi hutu sukan biyo su gaishe ni, mu zauna mu taɓa hira, kuma daga bakinsu na tattaro abin da na zo muku da shi. Ban zo da maganar darasi ko jarrabawa ba, wannan kun fi ni sani. Na zo ne a kan sa'o'in da ɗalibi yake yi bayan ya fito daga anfi, wato babban ɗakin lacca: ina yake zuwa, da wa yake zama, me yake koya, kuma ko jami'a ta san da zamansa a wannan lokacin.

Roƙona shi ne ku ɗauki ƙungiyoyin ɗalibai, da kulob-kulob ɗinsu na muhawara, wasanni, wasan kwaikwayo da taimakon juna a karatu, a matsayin aikin jami'a na kowane mako. A yanzu, yadda yaran suke ba ni labari, abin ya fi kama da kwalliyar da ake fitarwa ranar da manya za su zo.

Ba na raina abin da ake yi. Marwa ta karɓi Wasannin Jami'o'i na ƙasa a 2018, Ngaundere ta karɓa a 2023, Garwa kuma a 2024, kuma duk wanda yake garin nan a lokacin ya ga yadda aka cika aka batse. Mun ga yaranmu a filin tsere, mun ga ƙungiyoyin magoya baya da ganguna da kayan gargajiya, kowace jami'a tana nuna rawar yankinta. Akwai kuma UNIFAC, bikin fasaha da al'adu na jami'o'i. Akwai faretin 11 ga Fabrairu na ranar matasa da na 20 ga Mayu na ranar ƙasa. Duk wannan abin farin ciki ne, kuma an samu filaye da gine-gine a sanadiyyarsa. Amma ɗalibai nawa ne ke shiga tawagar da ke tafiya wasannin? 'Yan kaɗan ne a cikin dubbai. Su ɗin ma sau da yawa sai gasa ta ƙarato ake nemo su, a tara su 'yan makonni ana atisaye safe da yamma, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Da an rufe gasa, an raba lambobi, baƙi sun koma, sai ƙwallaye da riguna su koma sito a kulle, filin ya zama wurin kiwon awaki. Ɗalibin da ba gwani ba ne, wanda kawai yake son ya buga ƙwallon raga da yamma don ya huce gajiyar karatu, ba shi da wanda zai je wurinsa ya karɓi raga.

Ranku ya daɗe, kun san tarihin nan fiye da ni. Gyaran fuskar da aka yi wa ilimi mai zurfi a 1993, wanda ya raba tsohuwar jami'ar Yawunde ya kuma mai da cibiyar Ngaundere cikakkiyar jami'a, shi ne ya kawo ƙarshen alawus ɗin da gwamnati ke ba ɗalibai, ya sa kuɗin rajista sefa 50,000 a shekara. Daga nan ɗalibi ya koma ɗaukar nauyin kansa. Ɗakunan kwanan jami'a ba sa ɗaukar ko kusa da yawan masu karatu, don haka mafi yawa suna haya a mini-site, wato gidajen hayar ɗalibai, kowa da ɗan ɗakinsa da risho da katifa a ƙasa. Harabar jami'ar Ngaundere da ke Dang tana da nisan kusan kilomita 15 daga cikin garin Ngaundere. A Marwa, wadda aka kafa a 2008, sassan jami'ar sun daɗe a warwatse, wani a nan wani a can, har zuwa Kaele. Garwa kuwa yanzu take tsayawa da ƙafafunta. Ma'anar wannan duka ita ce babu abin da ke haɗa ɗalibai da kansa. Idan ba a shirya haɗuwar da gangan ba, yaro zai iya gama shekara uku na lisans, wato digirin farko, bai san kowa ba sai maƙwabcin ɗakinsa da wanda yake aron littafinsa.

Kuma ku dubi wane ne wannan yaron. Da yawa daga cikin waɗanda muke turo muku su ne na farko a gidansu da suka taɓa taka jami'a. Uban ɗan kasuwa ne ko makiyayi ko manomin auduga, uwar ba ta yi boko ba. Babu wanda zai gaya masa yadda ake zaɓen fanni, yadda ake tunkarar malami, ko me zai yi idan sakamako ya fito babu sunansa. Ya taso da Fulatanci ko Hausa ko Tupuri ko Mafa ko Larabcin Shuwa, Faransancinsa na aji ne, kuma ga shi a cikin anfi da ɗaruruwan mutane, malami yana magana a makirufo ba ya ko ganin na baya. Ga kuma 'yan'uwanmu na Chadi da suke zuwa da yawa karatu Ngaundere da Marwa, su ga baƙunta ga nisan gida. Na san yaran da suka bar karatu a shekarar farko, kuma ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba. Kaɗaici ne da ruɗewa, da rashin wanda zai ce musu "zo in nuna maka".

Abin da ya sa nake da ƙarfin gwiwar rubuto muku shi ne, yaran ba su zauna jiran kowa ba. Sun riga sun fara aikin da kansu. Na taɓa kai wa wata tsohuwar ɗalibata ziyara a inda take karatu, ta ce in zo in ga "ajinsu na yamma". A gindin wata darbejiya ne a bayan mini-site. Sun samo guntun katako sun shafa masa baƙin fenti, sun jingina shi da kututturen. Kowa yakan ba da sefa ɗari a sayi alli. Wani ɗan shekara ta uku ne yake tsaye, yana sake warware darasin lissafin da aka yi wa 'yan shekarar farko da safe. Ya faɗa da Faransanci, ya ga fuskoki ba su saki ba, ya juya Fulatanci, wata ta yi tambaya da Hausa ya amsa mata da Hausa, sannan ya koma ya rubuta a allo da Faransanci yadda za su rubuta a jarrabawa. Wasu a kan bulo suke zaune, wasu a kan takalmansu. Da magariba ta yi aka tashi salla, waɗanda ba Musulmi ba suka tsaya gadin littattafai, aka dawo aka ci gaba da fitilar waya har batir ya fara kuka. Ba a biyan yaron nan ko dala. A ɗan nesa kaɗan kuwa ga azuzuwa na jami'a, da benci da allo da lantarki, a kulle tun ƙarfe biyar.

Na tambaye su me ya hana su roƙi aji. Suka ce sun rubuta takarda. An ce su kawo wata daga shugaban sashe, shi ya ce sai mai kula da gine-gine ya sa hannu, shi kuma ya yi tafiya. Da suka gaji da zirga-zirga suka koma gindin bishiya. Ban faɗi wannan don in tona asirin wani ofis ba, kuma na san babu wanda ya yi da mugun nufi. Tsarin ne bai tanadi wurin da irin wannan roƙo zai faɗa ba.

Don haka abu na farko da nake roƙo shi ne ɗaki. A kowace tsangaya a ware aji ɗaya ko biyu da za su kasance a buɗe daga la'asar zuwa bayan isha'i, da jadawali a manne a ƙofa, kowace ƙungiya da ranarta da sa'arta. A sa ma'aikaci ɗaya sananne wanda makulli ke hannunsa, wanda ɗalibi zai iya samu ba tare da ya bi ofis huɗu ba. Wannan ba ya buƙatar sabon gini ko kasafi daga Yawunde. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40, ɗaki mai fanka ba ƙaramin abu ba ne ga mai son karatu.

Na biyu shi ne lokaci, kuma a nan ne na fi damuwa. Mu a lise muna da yammacin Laraba. Darasi yana tsayawa da rana, sauran yinin na kulob ne da wasanni: kulob ɗin jarida, na Turanci, na kimiyya, na lafiya, da atisayen FENASSCO, wato wasannin makarantu na ƙasa. Yaro ya saba da wannan shekara bakwai. Yana shiga jami'a sai ya tarar darasi zai iya faɗowa kowace rana, har Asabar da Lahadi, musamman idan malami ya zo daga wata jami'a yana son ya gama kwas ɗinsa cikin mako guda ya koma. Na fahimci ƙarancin malamai da na azuzuwa ne ke jawo haka. Amma sakamakonsa shi ne duk wani taron ɗalibai sai a tura shi bayan ƙarfe shida na yamma, kuma wannan lokacin ya riga ya zaɓi waɗanda za su halarta. Maza ne masu kwana kusa da haraba.

Ku yi tunanin yarinyar da ke zaune a gidan iyayenta ko na kawunta a cikin gari. Da ƙyar aka shawo kan mahaifinta ya bar ta ta ci gaba bayan bak, bisa sharaɗin magariba ta yi mata a gida. Kuɗin moto, wato babur ɗin haya, yana ƙaruwa da dare, hanya ba fitila, kuma unguwa tana da ido. Wata daga cikin ɗalibaina, wadda ita ce ke jagorantar muhawara a lise ɗinmu har ta kai mu gasar yanki, ta gaya mini tun da ta shiga jami'a ba ta sake tsayawa gaban mutane ta yi magana ba, domin kulob ɗin muhawara da dare yake zama. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai. Mun sha wahala kafin yarinyar nan ta iya ɗaga kai ta yi magana a gaban maza, ga shi muryar tana komawa ciki. Yankunanmu uku na arewa su ne a baya wajen karatun 'ya'ya mata a ƙasar nan, kowa ya san haka. Wadda ta tsallake duk waɗannan shingaye ta iso gare ku bai kamata agogo ya zama shi ne zai fitar da ita ba. Ku ba su yammacin Laraba, daga ƙarfe biyu zuwa biyar, a hana sa darasi ko jarrabawa a cikinsa, a rubuta a kalandar shekara yadda malami mai ziyara ma zai tarar da shi a matsayin doka.

Na uku kuɗi ne, kuma ba mai yawa ba. Abin da ya fi yawan kuɗin muhimmanci shi ne a san shi. A faɗa a fili nawa aka ware wa ayyukan ɗalibai a shekara, a manna, a ce ga yadda ƙungiya za ta nema, ga ranar da za a ba da amsa, ga rasit ɗin da za ta kawo daga baya. Yaran da suka koyi rubuta ɗan kasafin sefa dubu talatin, suka kashe, suka dawo da lissafi, sun koyi abin da za su yi amfani da shi har tsufa. Idan kuwa abin ya zama sai wanda ya san wani, to wannan ma darasi ne suke ɗauka, kuma shi za su fita da shi.

Wani zai ce duk wannan wasa ne, iyaye karatu suka turo yara. Ni ina ganin yaran bayan sun gama, don haka ina da amsa. Mai lisans da sakamako mai kyau yakan ci rubutaccen konkur, wato jarrabawar gasa ta neman gurbi, ya je gaban alƙalai a ɓangaren baka ya kasa haɗa jimla uku, saboda bai taɓa magana a gaban mutum goma ba. Ƙasarmu harsunan aiki biyu gare ta, Faransanci da Turanci, amma yaro daga arewa zai iya gama jami'a bai taɓa hira da Turanci ta minti biyar ba, alhali ga 'yan Bamenda da Buea masu jin Turanci a aji ɗaya da shi, ga Najeriya a maƙwabtaka inda muke kasuwanci da yawa. Kulob ɗin Turanci da ke zama kowane mako zai yi abin da kwas ɗin sa'o'i ashirin ba zai yi ba. Dokar ilimi mai zurfi ta 2023 ta ɗora nauyi a kan sana'a da ɗalibi mai ƙirƙirar aikin kansa. To a ina zai koyi tara mutane, raba aiki, riƙe amanar kuɗi da sasanta rigima, in ba a ƙungiya ba? Tunda tsarin LMD (lisans, masta, dokta) yana lissafa kiredi 30, wato makin nauyin darussa, a kowane zango, me zai hana a ba da ɗaya ko biyu ga wanda ya yi shekara yana koyar da ƙannensa ko yana jagorantar kulob, da shaidar malami mai sa ido? Ɗan shekara ta ukun nan na gindin darbejiya ya cancanci ya ga aikinsa a takardarsa.

Akwai kuma fita waje, wadda nake ganin an yi sakaci da ita ƙwarai. Ɗalibin labarin ƙasa zai zana madatsar Lagdo a takarda bai taɓa ganin ta ba, alhali daga Garwa tafiyar safiya ce. Ga masana'antun kamfanin auduga na Sodecoton, ga gonakin shinkafar Semry a Yagwa, ga Makarantar Namun Daji ta Garwa da ke horar da mutane daga ƙasashen Afirka da dama tun 1970, ga gandun dajin Waza da na Binuwai, ga manoman muskuwari da ke shuka dawa a busasshiyar ƙasar laka da ake kira karal bayan damina ta wuce. Motar jami'a ɗaya da man fetur sun isa a kai aji guda. Lokacin ambaliyar 2024 a Yagwa da kewayen kogin Logon, ɗalibai da yawa sun so su taimaka, waɗanda suka yi kuwa da kansu suka shirya. Da akwai ƙungiyar sa-kai da jami'a ta sani, mai horo kan taimakon gaggawa da tsabtace ruwa, da amfanin ya fi haka. Marigayi masanin tarihi Eldridge Mohammadou ya yi shekaru yana bin fadojin lamiɓe, wato sarakunan Fulani, yana ɗaukar tarihi daga bakin dattawa. Yau kowane ɗalibi yana da na'urar ɗaukar murya a aljihunsa, dattawan kuma suna ta tafiya, littattafan ajami suna lalacewa a cikin akwatuna. Kulob ɗin tarihi da zai tura kowa ya ɗauko hirar kakansa a lokacin hutu zai tara wa jami'a taskar da kuɗi ba ya saye.

Na san abin da ke sa hukuma ɗari-ɗari da taron ɗalibai. Ba a manta da tarzomar jami'ar Yawunde ta farkon shekarun 1990 ba, ko yajin ɗalibai na 2005, kuma tun 2014 matsalar tsaro a Arewa Mai Nisa ta sa kowane taro abin lura ne. Ban ce ku rufe ido ba. Amma hana ɗaki ba ya hana taro, sai dai ya mai da shi inda ba ku gani. Yaron da ba shi da abin yi daga la'asar zuwa dare akwai masu jiransa: mai sayar da tramol, rumfar cacar ƙwallo, da duk wanda ya zo da magana mai daɗi a waya. Ƙungiyar da ke da rajista, da shugabannin da aka zaɓa a fili, da malami mai ba da shawara, ita ce ta fi sauƙin zama da ita a yi magana ranar da rai ya ɓaci. Sai dai a bar su su zaɓi nasu. Yara suna gane shugaban da aka naɗa musu daga sama, kuma ba sa bin sa.

Wani abu kuma da nake so ku sa wa ido. Mafi ƙarfin ƙungiyoyin da ke akwai yanzu na 'yan gari ɗaya ne ko ƙabila ɗaya ko addini ɗaya. Suna aiki mai kyau, ba na musu. Su ne ke tarbar sabon ɗalibi a tasha, su nema masa ɗaki, su yi karo-karo idan ya kwanta ciwo, su raka gawa gida idan ta Allah ta kasance. Amma idan su kaɗai ne, yaro zai shiga jami'a ya fita bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da wanda ba nasa ba. Ƙungiyar ƙwallo, ta wasan kwaikwayo, ta kimiyya, su ne inda Bahaushe da Bamusge da ɗan Sara daga Mundu ta Chadi da ɗan kudu za su yi aiki ɗaya su san halin juna. Waɗannan su ne suka fi rauni, domin ba su da attajirin gari ko dattijon ƙabila da zai tallafa musu. Ku ne kaɗai gatansu.

Ranku ya daɗe, kafin a koma karatu a watan Oktoba, ina roƙon kowannenku ya kira shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai, har da na ƙananan da ba a san da su ba, har da mata, a zauna a ji daga bakinsu. A fitar da sanarwa ɗaya mai ɗauke da azuzuwan da aka ware, da sunan ofishin da ke riƙe da makulli, da yammacin da aka keɓe, da adadin kuɗin da aka tanada. A kuma shirya makon tarbar sababbin ɗalibai wanda tsofaffin za su jagoranta, kowane kulob ya kafa teburinsa a rubuta sunan mai so. Mu malaman lise za mu yi namu: idan sanarwar ta fito za mu karanta wa 'yan ajin ƙarshe, mu kuma zauna da iyaye, musamman iyayen 'yan mata, mu nuna musu cewa abin da rana ake yi, a cikin haraba, da sanin hukuma.

Allah ya taya ku riƙo, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar lise, Garwa